Nasiha Ga 'Yata Mai Riƙe da Ayyuka Uku

'Yata,

Na ji an sa ki a gaba a kan ki zaɓi ɗaya, wai taura biyu ba ta taunuwa balle uku. Wasu na cewa ki ajiye rubuce-rubucen nan ki fuskanci hidimar marayu da zawarawa, tunda a wurinsu ƙagaggen labari aikin marasa aikin yi ne. Wasu sun yarda da hidimar, amma ba sa son ganinki a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari kina maganar rijiyar burtsatse da kwatar da ta toshe, wai bai dace da 'ya mace ba. Abokanki marubuta kuwa gani suke kina kashe baiwarki a zauren mai unguwa da layin yankar kati a asibiti. Dukansu ƙaunarki suke yi, kada ki riƙe su a zuci. Amma ni shawarata ki riƙe ukun. Abin da nake so ki kula da shi shi ne kada ɗaya ya ci haƙƙin ɗaya, domin a nan ne na ga mutanen kirki da dama sun yi tuntuɓe.

Ki kwantar da hankalinki, ba ke kika fara ba, kuma garin nan ya daɗe da sanin irinki. Malam Sa'adu Zungur, wanda yau ake nazarin waƙoƙinsa a ajin adabi, fannin lafiya ya karanta. A nan Zariya ya koyar da masu koyon aikin lafiya, a nan kuma ya tara matasa 'yan boko wajen 1940 suka kafa ƙungiyar tattauna al'amuran jama'a, tun ba a san za a yi jam'iyyun siyasa a Arewa ba. Da ya koma Bauchi ya ci gaba da wannan aiki tare da Malam Aminu Kano, wanda shi ma tun yana matashi yake rubuta wasannin kwaikwayo na tona asirin cuta da zalunci. Malam Sa'adu ya rasu a 1958 bai kai shekara 45 ba, bayan doguwar jinya, amma abin da ya rubuta ya fi shi tsawon rai. Alhaji Abubakar Imam, hannun da ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, shi ne kuma ya riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939 har fiye da shekara goma, yana buga wasiƙun mutanen da ba su da wata ƙofar kai kuka.

In kuma wani ya ce miki ai waɗannan maza ne, ki tuna masa da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ba don a jera su a kanta ta yi su ba. Ta naɗa jajis, dattijan mata da take ɗaura wa malfa, suna zagaya ƙauyuka suna tattaro mata, 'yan taru, suna koya musu addini da tsafta da zaman duniya ta hanyar waƙoƙin da ake haddacewa. Abin da matan suka kawo mata na kyauta, hatsi ko zuma ko ƙyalle, ta kan raba wa mabuƙata. A wurinta rubutu da koyarwa da jinƙai duk aiki ɗaya ne. Mu ne muka zo daga baya muka rarraba su ofis-ofis.

Amma wadda na fi so ki yi ta tunani a kanta ita ce ta unguwarmu, Hajiya Gambo Sawaba, Allah ya jiƙanta. An haife ta a 1933. Mahaifinta mutumin ƙasar Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo, mahaifiyarta Banufiya, wato ita Gambo cikakkiyar 'yar Sabon Gari ce, garin da titin jirgi ya haifa wajen 1911 ya tara kowane irin yare. Ta yi maraici da wuri, karatunta ya tsaya a firamare, aka yi mata aure tana 'yar shekara 13. Tana da shekara 17 ta shiga NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, ta zama shugabar matanta a Sabon Gari a lokacin da ko maza ɓoye katinsu suke yi. Ta je har Abekuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti ta ga yadda ake haɗa kan mata. An yi mata duka, an kore ta daga Kano, masu rubuta tarihinta sun ƙidaya ɗauri 16. Abin da take nema, wato mace 'yar Arewa ta jefa ƙuri'a, bai samu ba sai a 1976, kuma sai a 1979 matanmu suka yi zaɓen shugaban ƙasa na farko.

Wannan ɓangaren kowa ya sani. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne gidanta. Gida ne da ba ya rabo da mutane: yaran da ba su da kowa, marasa lafiya, matan da aka koro da tsakar dare, baƙon da kuɗin mota ya yanke masa. Ta riƙe 'ya'yan wasu da yawa ta aurar, kuma ba ta tambayar addini ko ƙabila kafin ta zuba tuwo. Da ta rasu a watan Oktoban 2001 ba ta bar dukiya ba. Yau babban asibitin Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi. Ni a ganina ɗaurin da ta sha da tukunyar da ta ɗora tushensu ɗaya. Da ba ta san yunwar mutanen da ke kwana a tsakar gidanta ba, da ba ta samu ƙarfin tsayawa gaban alƙali ba. Kuma da ta tsaya ga ciyarwa kawai ba ta tambayi abin da ke koro mata daga gidajensu ba, da har ta mutu tana share ruwa ne rufin yana zuba.

Sai dai Hajiya Gambo ba ta bar mana littafi da hannunta ba. Abin da muke da shi wasu ne suka rubuta, kamar littafin Rima Shawulu na 1990, kuma da Turanci. Maganganun da aka yi a ɗakinta, dabarun da matan nan suka bi suka shiga gidajen kulle, abin da suka gani a gidan yari, yawancinsa ya tafi da masu shi. Ke Allah ya ba ki na ukun da ita ba ta samu ba. Shi ya sa nake jin ciwo idan na ji ana ce miki ki ajiye alƙalami.

To, yanzu ga inda nake jin tsoro.

Na taɓa tsayawa a wani rabon kayan azumi a wata unguwa. An kafa rumfa, an rataya ƙyalle mai sunan ƙungiya, an jera mata a rana. Kowace aka kira sai ta rungumi ƙaramin buhun shinkafa da galan na mai, ta tsaya a ɗauke ta hoto. Da aka zo kan wata baiwar Allah, wadda mijinta bai fi wata shida da rasuwa ba, sai ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Yaron da ke riƙe da waya ya ce, "Mama, ɗan buɗe fuskar mana, kuma ki yi murmushi." Ta buɗe. Na ga hannunta yana rawa a kan buhun. Wannan mata a zamanin mijinta ita ke aika wa maƙwabta kwanon buɗa-baki. Kafin magariba hotonta ya zagaya Facebook, dangin wanda ke neman 'yarta ma sun gani. Yaran nan ba mugaye ba ne, masu ba su kuɗi ne suka ce sai sun ga shaida. Amma sun ba ta abincin mako biyu, sun karɓi abin da ta yi shekara talatin tana tattalinsa.

Alƙalami yana iya yin abin da wayar nan ta yi, har ma fiye. Ke ana buɗe miki ƙofofin da ba a buɗe wa kowa. Mace za ta ja ki ƙuryar ɗaki ta gaya miki abin da ko uwarta ba ta sani ba: cikin da aka zubar, ciwon da miji ya kawo gida, yoyon fitsarin da ya sa kishiya ta daina cin abincinta, ɗan da ke ɗauke mata kuɗin adashe ya sayi ƙwaya. Ta gaya miki ne a matsayin mai taimako. Ba marubuciya ta gaya wa ba. Kuma na san halin marubuci, tana cikin kuka wani sashe na zuciyarki yana cewa wannan labari ne. Ba laifi ba ne zuciya ta faɗi haka, haka Allah ya gina ku. Laifin shi ne ki koma gida ki zuba shi ɗanye a waya, ki canza suna kawai, ki ce ai ƙirƙira ce. Samaru ba ta da girman da za ta ɓoye mutum. In kika ce mai awara ce a bakin wata makaranta a Hayin Dogo, mijinta maigadi, 'yarta ta fari ta bar makaranta ba a san dalili ba, kafin ki kai babi na biyu an gane ta.

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da kika ji a bakin aiki, ki bar shi ya kwana a cikinki, ya shekara ma in ta kama. Ki bari labarin wannan ya cakuɗu da na waccan da na wata da kika sani tun kina yarinya, har ya zama mutum sabuwa wadda ba kowa ba ce kuma kowa ce. Ki canza gari, ki canza sana'a, ki canza yawan 'ya'ya. In labarin mutum ɗaya ne kike so ki bayar yadda yake, ki koma ki nemi izininta, a lokacin da ba ta jiran komai daga hannunki, domin wadda ke jiran ki biya wa ɗanta kuɗin jarrabawa ba za ta iya ce miki a'a ba. Akwai kuma labaran da ba za ki taɓa rubutawa ba har ki koma ga Allah, kuma sau da yawa su ne mafi daɗi. Ki haƙura da su. Kafin ki saki kowane rubutu ki tambayi kanki: zan iya zama a kan tabarmarta in karanta mata wannan da bakina? In amsar a'a ce, bai nuna ba tukuna.

Kada kuma ki juya maganata. Rufa wa wanda aka zalunta asiri daban, rufa wa azzalumi daban. Za a kawo miki yarinyar da aka yi wa fyaɗe, manyan unguwa su taru su ce a yi sulhu, a rufa asiri, ai ɗan gidan wane ne. Sunan yarinyar da fuskarta amana ne a wuyanki, ko da wasa kada su fito daga bakinki ko wayarki. Amma maganar ba ta mutuwa a zaure. Abu na farko asibiti, kafin awa 72 su cika, domin a cikin wannan lokacin ne maganin kariya daga ƙanjamau yake aiki, kuma a lokacin ne likita ya fi samun shaidar da za a kai kotu. Akwai cibiyar Salama a asibitin Gambo Sawaba da aka buɗe don irin wannan. Ki san dokokin da kike tsaye a kansu: tarayya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, Jihar Kaduna ta yi tata ta kula da yara da kare su a 2018. Ki nemo su ki karanta da kanki, ki san lauya ko da ɗaya da zai ɗauki wayarki. Kyakkyawar zuciya ba tare da sanin hanya ba ta sha jefa wanda ake son taimako cikin sabuwar wahala.

Game da fafutuka kuwa, akwai darasi a bayan katangar jami'a da nake so ki ɗauka. A tsakiyar shekarun 1970 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin malamai irin su Michael Etherton da Brian Crow, daga baya ɗalibansu irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka karɓa. Suka ce wasa ba zai tsaya a cikin jami'a ba. A 1977 suka kai Wasan Manoma gundumar Soba, daga baya suka je Maska da Bomo, kuma kowace shekara sababbin ɗalibai kan shiga lungunan Samaru su tambayi mutane abin da ke damunsu, su mai da shi wasa, su dawo su yi shi a fili. Wanda ya taɓa gani ba ya mantawa. Ganga ce ke fara kira, yara su rugo su zauna a gaba, maza su tsaya da kekunansu, mata na leƙe daga soro da kan katanga. Ana cikin wasa, an kai inda mai gidan haya ya watso kayan ɗan haya waje, sai a tsaya cak, a juyo ga jama'a a ce, to, me ya kamata ya yi? Sai fili ya kaure da gardama, mai kayan miya na ba da tasa, wani dattijo na cewa ba haka ake yi ba.

Abin da ya burge ni da mutanen nan shi ne sun zauna sun duba aikinsu da idon gaskiya, har sun rubuta. Sun gane cewa ka zo da wasan da ka gama shiryawa, a yi dariya a tafa, ka hau mota ka koma, ba ya kawo ruwa a famfo. Mutumin da aka yi wa tambaya iri ɗaya bara da bana, kuma kwatar ƙofar gidansa tana nan yadda take, dole ya gaji da amsawa. Shi ya sa daga baya suka koma zama a cikin ƙauye kwana da kwanaki, mutanen gari su ne masu tsara labarin, su ne 'yan wasan, kuma a tashi da shawarar wa zai je wurin wa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kika shiga unguwa da maganin da kika riga kika haɗa, za a karɓe ki da fara'a saboda kunya, amma kina fita an gama. Ki riƙa tambaya, ki yi shiru ki saurara, kuma duk inda kika tayar da magana ki koma. Komawar nan ita ce rabin aikin.

A nan ne rubutunki zai yi wa fafutukarki rana. Yawancin koke-koken unguwanninmu da baki ake yin su, shi ya sa suke bin iska. Ke kin iya tsara magana. Ki rubuta takarda gajera, mai kwanan wata, mai faɗin abu ɗaya: rijiyar layi kaza ta lalace tun watan kaza, gidaje kaza ke sha daga gare ta, ga abin da jarka ta koma a wurin 'yan garuwa. Mutanen layin su sa hannu ko su dangwala. Ki bi ta kan mai unguwa da limami da fasto kafin kansila, kada su ji a bakin wasu. In kin kai ofis, ki sa a buga miki hatimi a kan kwafinki, ki adana. Bayan mako biyu ki koma da murmushinki da kwafinki. Kada ki fara da tozarta mutum a intanet alhali ba ki taɓa zama a gabansa ba. In an bi duk hanyoyin an toshe, to, a fito fili, kuma a lokacin takardunki ne za su yi magana, ba zafin ranki ba.

Lokacin zaɓe zai zo, waɗanda ba su taɓa amsa takardarki ba za su zo da atamfa da buhuna su ce ki tara musu matanki. Ban ce siyasa haramun ba ce, Hajiya Gambo 'yar siyasa ce har ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP a jamhuriya ta biyu. In za ki shiga, ki shiga da sunanki da ƙafarki. Amma matan da suka yarda da ke saboda kin raka su asibiti ba jarinki ba ne. Haka kuɗin ƙungiya: littafi ɗaya, masu sa hannu biyu, a karanta lissafi a gaban kowa ko da naira dubu biyar ce. Na ga ƙungiyoyin da suka jure wa barazanar manya, amma kuɗin kujeru da lemo ya watsa su.

Ki tuna kuma inda kike. A layi ɗaya na Sabon Gari akwai Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Banufe da mutumin kudancin Kaduna, wasu kakanninsu a nan aka binne su. Mun ga rikicin 1987, mun ga na 2011, mun san abin da ke faruwa idan aka bar maƙwabci ya zama baƙo. Jerin sunayen waɗanda za ki taimaka kada ya zama na masallacinku kaɗai, kuma a cikin labaranki kada wanda ba addininku ɗaya ba ya riƙa fitowa a matsayin mugu ko abin dariya kawai.

Saura haƙƙin shi rubutun, domin shi ne aka fi dannewa. Mai hidimar jama'a idan ya zauna rubuta labari, wa'azi ke fara zuwa masa. Sai ki ga tauraruwa ba ta da aibi ko ɗaya, mijin kuma shaiɗan ne tun daga shafin farko, a ƙarshe wata malama ta fito ta yi jawabin shafi uku a kan illar auren wuri. Mai karatu ya san an yi masa tarko, sai ya tsallake. Ki duba yadda Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta yi a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990. Ita ma an cire ta daga makaranta an aurar da ita tana ƙarama, tana da abin faɗa cike da ciki. Amma abin da ya kama mutane shi ne Rabi, matar da aka kora da 'ya'ya tara, da yadda ta koma sayar da abinci ta riƙe su. Lissafin cefanen nan da gajiyar nan su suka yi hujjar, har littafin ya kai ga an fassara shi zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012. Hajiya Hafsat Abdulwaheed ma, wadda kamfanin NNPC na nan Zariya ya buga mata So Aljannar Duniya a 1980, ta shafe rayuwarta tana faɗa a kan haƙƙin mata, amma labarin soyayya ta ba mu, mai rai, ba takardar koke ba.

Ke kin fi yawancin marubuta sa'a, domin kin ga mutane a inda ba sa ado. Kin san mijin da ya saki matarsa yana iya zama shi ne ke goya tsohuwarsa zuwa bayi. Kin san wadda aka zalunta ita ma takan zalunci 'yar riƙonta. Ki sa wannan a labari, shi ne gaskiyar da rahoto ba ya iya ɗauka. Ki kuma tsare kunnenki daga yaren taron bita. A ɗakin taro za ki ji masu ruwa da tsaki da ƙarfafa gwiwa da wayar da kai. Matar da kika ziyarta cewa ta yi, jiya ba mu ɗora tukunya ba, ko an koro shi saboda kuɗin jarrabawa, ko tun da ya fita bai waiwayo mu ba. Da irin wannan harshen za ki yi rubutu. In wata ƙungiya ta biya ki ki rubuta wasan rediyo a kan rigakafi ko awon ciki, ki yi shi da kyau, halak ne kuma yana da amfani. Sai dai ki ajiye wani littafi a gefe wanda babu mai biyan kuɗinsa, babu mai gaya miki yadda zai ƙare.

Kuma ki ware masa lokaci da gangan, don hidimar mutane ba ta da ƙarshe. Wayarki ba za ta daina ƙara ba. In kika ce sai kin samu sarari za ki rubuta, za ki farka kina da shekara sittin da buhun labarai a ka, babu ko ɗaya a takarda. Bayan sallar asuba, kafin gari ya san kin tashi, ki ba shi ko da rabin awa. Ƙofofi sun fi na zamaninmu yawa, ga gasar Hikayata da BBC Hausa ta buɗe wa mata tun 2016, ga mujallu, ga waya a hannun kowa. Amma kada saurin yabo ya sa ki riƙa sakin abin da bai dahu ba.

Kada ki yi aikin nan ke kaɗai. A nan Samaru, a jami'a, aka yi taron 1982 da ya haifi ƙungiyar mata ta WIN. Marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta yi karatu a nan ta zama editar Sunday Triumph da New Nigerian, ta yi shekaru tana aiki a cikin ƙungiyar FOMWAN har Allah ya karɓi ranta a Mina a 2015. Ba wadda ta yi nisa a cikinsu ba tare da 'yan uwa ba. Ki samu mutum biyu ko uku da za su iya ce miki kin yi kuskure, da wanda za ki miƙa wa aiki ranar da jikinki ya ƙi. Akwai ranar da wanda kika yi wa wahala zai zage ki, akwai ranar da yaron da kuka yi ta faɗi-tashi a kansa zai rasu. Ki yi kukanki, ki huta, ba gazawa ba ce. Iyayenki da mutanen gidanki su ma suna da haƙƙi, kada su zama su ne kaɗai ba sa samun fara'arki. Niyya kuma ki riƙa sabunta ta, musamman ranar da aka kira sunanki a lasifika aka miƙa miki lambar yabo.

Akwai aiki guda da nake roƙonki, wanda ukun nan duka za su haɗu a cikinsa. 'Yan matan da suka bi Hajiya Gambo a shekarun 1950, waɗanda suka rage a cikinsu yanzu sun tsufa sosai. Ki bincika a Sabon Gari da Muciya da Cikaji da Tudun Wada, ki tambayi tsofaffi, za a nuna miki su ko 'ya'yansu ko waɗanda suka tashi a gidanta. Ki je da goronki, ki zauna, ki nemi izini kafin ki kunna na'ura, ki duba ko akwai maganin da suke buƙata ko rufin da ke zuba. Abin da suka yarda a faɗa ki rubuta shi da Hausa, yadda jikokinsu za su karanta. Kada ki jira tallafin kowa, ki fara a cikin wannan shekarar.

Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama lafiya.